Haɗin Yaya

SHAFI NA 17

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na bar ku a tsaye, ku yi haƙuri, da hannun hagu nake danna wayar nan, na daman yana cikin bandeji. Ke kuma da kika rantse a ƙarƙashin shafin jiya cewa mai shagon magani ne ya cuce ni, 'yar uwa, ki fara tanadin kaffara.

Kun dai san inda muka kwana. Ni zabiya ce, malamar firamare, kuma ni ce mai tsallakar da yara titi idan an tashi, in ɗaga hannu motoci su tsaya. A bayan wannan hannun ne ƙurji ya fito ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har likitar fata ta yanki kaɗan ta aika gwaji. Ta ce ranar da zan koma wankin ciwo in zo mata da man kariyar rana da nake shafawa.

Ranar da na koma, na miƙa mata robar ina wani ɗaga kai.

Ta karanta gaba, ta juya ta karanta baya.

"Ƙarfin kariyarsa SPF hamsin. Yana tare UVA da UVB duka biyun. Kwanan watansa bai wuce ba. Malama, wannan mai kyau ne, irinsa nake rubuta wa masu irin fatarki."

"Ai Yayata ba ta saya min na banza."

"Yaushe da yaushe kike shafawa?"

"Kafin in fita, da lokacin da yara suka fita cin abinci, da kafin in tsaya a titi. In na yi gumi in ƙara."

"Bayan hannu fa?"

"Har da kunne, har da ƙeya. Likita, ni fa ko sallama zan yi da maƙwabta sai na shafa."

Ta kalli hannuna.

"To me ya sa fatarki take kamar ta wadda ba ta taɓa shafa komai ba?"

Sai ta buɗe murfin ta matsa a bayan hannunta. Man ya gangaro har wuyan hannu. Ta kai hanci ta shinshina, na ga girarta ta haɗe. Ta jawo durowa ta fito da wata roba, iri ɗaya sak da tawa, ta matsa a gefe.

Nata fari ne fat, mai kauri, inda ta ajiye shi nan ya tsaya. Nawa ruwan ɗorawa-ɗorawa, yana ƙyalli, yana ƙamshin lemo.

"Kamfanin nan ba ya sa turare," ta ce. "Robar tasu ce, amma abin da ke ciki ba nasu ba ne."

"Jabu ne?"

"Ko jabu, ko an taɓa shi. Kin ga hamsin ɗin nan da aka rubuta? Na man ne yadda suka yi shi. Da zarar an zuba masa wani abu, babu mai iya faɗa miki lambarsa. Wataƙila biyar, wataƙila babu. Shi kuma man lemo, a wasu fatun kiran rana yake yi. A ina ake saya miki?"

"Ban sani ba. Tun ina yarinya Yaya ke kawo min, ban taɓa sayen ko ɗaya da hannuna ba."

"Daga yau kada ki sake shafa shi. Riƙe wannan nawa. Nan gaba ki shiga shagon magani mai rajista da ƙafarki, ki ga murfin a liƙe kafin ki karɓa."

"Sakamakon gwajin fa?"

"Bai iso ba. Da ya iso ni da kaina zan kira ki."

Na fito raina a ɓace. Duk tsawon hanya ina tsara zagin da zan yi wa mutumin da ban san fuskarsa ba, wanda ya daɗe yana sayar wa Yaya jabu yana yi mata dariya. Ni da ko kaza ba na iya korewa da ƙarfi, ranar har hukuma na kai shi a cikin raina, aka rufe shagonsa, aka sa shi a labarai.

Shagon Yaya na nufa kai tsaye.

Wanda bai san Yaya ba, sana'arta haɗa mayukan gyaran jiki. Mata daga nesa suke zuwa, wannan ta ce gwiwarta ta yi kaushi, waccan ta ce dugaduganta sun tsage, Yaya ta kalle su sau ɗaya ta shige ɗakin ciki ta fito da magani. Ba ta iya ganin abu ta bar shi yadda yake. Baban yaranta yakan ce ko ruwan sha aka miƙa mata sai ta ɗiga masa wani abu ta ce yanzu ya zama ruwa. Ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ita ta sa min suna Madara, har yau kuma ba ta kira na da wani sunan.

Na tarar da gaban shagon babu kowa. Fanka tana ta juyi, kwalabe jere a kan kanta, rediyo yana magana shi kaɗai. Daga ɗakin ciki nake jin ƙugin ɗan injin da take kaɗa mai da shi.

Ɗakin nan ko baban yaranta ba ya shiga. Ta ce sirrin sana'a ne.

Ranar ban yi sallama ba, na ɗaga labule.

Ta ba ni baya tana 'yar waƙarta. A kan tebur akwai kwano babba, injin yana juyi a ciki. Ga kwalbar man zaitun, ga ta man kwakwa, ga wata 'yar mitsitsiya mai hoton lemo. A gefe kuma robobi uku, murafensu a buɗe, ɗaya da mazurari a baki.

Robobina ne. Har da wadda na liƙa wa hoton fure da yaran ajina suka ba ni.

"Yaya."

Ta zabura ta juyo, ta dafe ƙirji.

"Ke! Za ki kashe ni? Ba sallama ba komai?"

Ta bi idona da kallo har kan tebur. Na zata za ta yi tsuru-tsuru, na zata za ta rufe kwanon da mayafi. Wallahi sai ta fashe da dariya.

"Shi ke nan, yau asirina ya tonu. Shekara da shekaru ina ɓoyewa, sai yau da na manta ban sa sakata ba."

"Mene ne wannan?"

"Manki mana. Na ga na jakarki ya kusa ƙarewa."

"Me kike zuba masa?"

"Kai Madara, so kike ki ƙwace min sana'a? To zo ki gani, tunda kin kama ni." Ta kashe injin tana goge hannu. "Zaitun ne ke sa shi laushi. Kwakwa ke sa shi bin jiki. Lemon kuma ɗigo kaɗan ne, don kada ki riƙa warin asibiti a gaban mutane. Wannan haɗin ban taɓa sayar wa kowa ba, naki ne ke kaɗai. Akwai wadda ta yi min magiya har da kuka, na ce a'a, na ƙanwata ne."

Tana magana fuskarta tana haske. Abin da ya fi ci min rai ke nan, da a ce ta ji kunya da na samu inda zan kama in yi faɗa.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe kike haɗawa?"

Ta ja kujera ta zauna, irin zaman mai shirin ba da labari mai daɗi.

"Kin manta ke nan. Shekarar da Umma ta rasu. Kin dawo daga makaranta kina kuka kamar ranki zai fita, gumi ya tsattsaga man a fuskarki layi-layi. Kika ce yara suna ce miki bangon da aka yi wa fenti ruwa ya doke shi. Kika ɗauki robar kika wurga ta bayan katanga."

Na tuna. Har sautin faɗuwar robar na tuna.

"Kika rantse min kin gwammace rana ta cinye ki da ki sake shafawa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi duka, ko gezau. Kin san taurin kanki. Kafin a ce me, wuyanki ya tashi bororo, hancinki ya saɓule, ba kya iya kwanciya a kan filo. Ni kuma lokacin nawa nake? Ba uwa, ba wanda zan tambaya. Na zagaya bayan katanga na ɗauko robar, na ce bari in gwada sa masa cokali ɗaya na zaitun ko zai daina wannan farin."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na ce miki sabo ne aka fito da shi. Kika shafa, kika kalli madubi, kika ce, Yaya wannan ya fi. Tun ranar ba ki sake yi min gardama ba." Ta yi murmushi. "Ranar na san ina da hannu. Shagon nan da kike gani, daga robarki ya fara, Madara. A fuskarki na koyi haɗi."

Na jingina da bango.

"Cokali ɗaya kika ce."

"Da farko ke nan."

"Yanzu fa?"

"To ai duk sanda kika ce wannan karon ya yi laushi, sai in ƙara kaɗan. Ke ce ma'aunina."

"Yanzu fa, Yaya?"

Ta kalli robobin uku. A nan ne murmushin ya fara sauka.

"Roba ɗaya takan cika uku."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ke mene ne haka? Ai yana ciki! Ban cire masa komai ba, ƙari na yi. Kayan da nake sawa ma sun fi shi kyau, da kaina nake zaɓo su."

Na buɗe jaka na fito da robar likita. Na matsa a kan tebur. Na ɗebo na kwanonta da yatsa na ɗiga a gefe. Ɗaya ya tsaya, ɗaya ya bi katako yana neman hanya.

"Wannan shi ne maganin. Wannan kuma man shafawa ne mai ƙamshi. Likita ta ce da zarar an taɓa shi ya tashi daga aiki. Ta ce lemon nan ma kiran rana yake yi."

"Likitoci ai ba su san fata ba, takarda suka sani. Ni da nake taɓa fatar mata kullum..."

"Yaya, kin tuna ranar wasannin makaranta da na dawo fuskata kamar an watsa min ruwan zafi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Me kika ce min?"

"Na ce... na ce ba ki shafa ba."

"Kin ce ganganci nake yi da raina. Kin ce na girma amma hankalina bai girma ba. Kika ƙi yi min magana har sai da na ba ki haƙuri. Na ba ki haƙuri, Yaya, a kan abin da ban yi ba!"

"Na zata ba kya shafawa yadda ya kamata..."

"Ina shafawa! Ko abinci ina mantawa, wannan ban taɓa mantawa ba. Malamai suna min dariya a ofis, wai ni da robata kamar mai jego da jaririnta. Ina tsayawa a tsakiyar titi rana tana dukan kwalta, in ɗaga hannuna sama, raina kwance, ina cewa ai Yaya ta rufe ni. Ashe tsirara nake tsaye."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Muryar ma da ta fito ban gane ta ba.

Yaya ta miƙe a hankali. Idonta ya sauka a kan bandejin.

"Madara, wannan ciwon. Kin ce min ƙurji ne aka matse."

Na kau da kai.

"Kalle ni. Me aka yi miki a hannu?"

Gaskiya na ɓoye mata, don na san halinta, da ta hana kanta barci ta hana ni. Na so sai sakamako ya fito in faɗa mata gaba ɗaya. Amma ranar ɓoyo ya ƙare a ɗakin nan, nata da nawa.

"Yanka suka yi. Sun kai gwaji."

"Gwajin me?"

"Suna duba ko kansar fata ce."

Ba ta yi ihu ba. Ta nemi kujerar da hannu ba ta same ta ba, sai ta sulale ta zauna a ƙasa, tsakanin jarkoki. Yaya da ko amarya ta shigo da kuka takan ce mata share hawaye kada ki ɓata min hoda, ita ce zaune a siminti baki buɗe.

"Hannun da kike rubutu da shi."

"Shi."

"In ita ce, me za su yi?"

"Ta ce in an kama da wuri yankewa ake yi a ɗinke, shi ke nan. In ta yi nisa kuma, ban tambaya ba. Tsoro na ji."

Ta ɗaga hannayenta biyu tana kallo, duk maiƙo, suna ƙyalli.

"Ni na yi."

Na buɗe baki in ce a'a, maganar ta ƙi fita. Na sake gwadawa.

"Rana ce ta yi, Yaya."

"Ni na buɗe mata ƙofa. Umma ta riƙe hannuna a gadon asibiti ta ce, ga ta nan, ki raba ta da rana. Magana ɗaya ta bar min. Ɗaya tak." Muryarta ta karye. "Garin neman gira na rasa ido, Madara. Don kada yara su yi miki dariya."

Sai kukan ya zo mata, irin wanda ba ya da sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

Ni dai ga ni tsaye da fushina a hannu, na rasa inda zan ajiye shi. Na zo da shirin yaƙi da ɓarawo, na tarar da matar da ta bar makaranta don in yi tawa. Ina jin haushinta har cikin ƙashina, ina kuma jin tausayinta fiye da nawa. Duk wanda ya ce miki abu biyun nan ba sa zama a zuciya ɗaya, bai taɓa samun 'yar uwa ba.

Can ta yunƙura ta miƙe. Ta ɗauki kwanon ta kife shi a kwandon shara, har da injin. Ta bi da robobin. Ta ɗaga labule ta nufi kantar gaba ta fara kwaso kwalabe.

"Yaya me kike yi?"

"Zubarwa zan yi. Duka. Wa ya san wa na kashe ban sani ba?"

"Ajiye. Man kaushi bai taɓa kashe kowa ba."

"Haka na ce a kan naki."

Na riƙe mata hannu da na hagu. Ta fizge, na sake riƙewa.

"Ki ajiye na ce. In kin zubar da shagon, hannuna zai warke?"

Ta tsaya tana huci, kwalabe uku a ƙirji. Ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ba a inda ta ɗauko su ba.

"To koya min."

"Me?"

"Na gaskiyar. Yadda ake gane shi. Ni dai na san sunan kamfanin da launin robar, su nake nuna wa mai shagon magani. Ban taɓa tambayar me aka rubuta ba, na ɗauka na fi su sani."

Na ɗauko robar likita na sa mata a hannu.

"Kin ga wannan lambar? Kada ta gaza talatin ga kowa, ni kuma hamsin. Kin ga waɗannan haruffan, UVA da UVB? Dole su zo tare, ɗaya na ƙuna ne, ɗaya mai shiga ciki a hankali. Nan ƙasa kwanan wata. Murfi a liƙe. Ba a barin sa a mota ko a taga inda zafi zai dafa shi."

"Sai me?"

"Sai a bar shi yadda yake."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo, Yaya."

Ta gyaɗa kai kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Ta kalli fuskata da kyau.

"Kin shafa wannan ɗin da kika fito daga asibiti?"

"Ban samu zama ba."

"A cikin wannan zafin ranar kika taho? Zauna."

"Zan shafa da kaina."

"Da wane hannun? Zauna na ce."

Ta je ta wanke hannunta da sabulu, ta ɗauraye, ta sake wankewa, ta goge da sabon tawul. Ta matsa man a tsawon yatsu biyu yadda na nuna mata. Ta fara daga goshi, ta gangaro hanci, ta bi kunci, ta naɗe kunnena ta shafa bayansa, kamar yadda take min ina 'yar makaranta. Yatsunta sun san fuskata fiye da madubi.

Ta ja baya ta duba. Na ga bakinta yana motsi.

"Faɗi mana."

"Ya yi fari."

"Bar shi ya yi."

"Kin zama bangon nan dai."

Dariya ta kufce min, hawaye na bin ta. Ita ma ta yi, rabi dariya rabi kuka, tana share min ido da gefen tawul tana cewa in daina, zan wanke maganin.

"Madara, kin yafe min?"

Ban amsa ba. Ba don ban so ba, ban san amsar ba tukuna, kuma Yaya ta fi ƙarfin in yi mata ƙarya a ranar.

Ana haka wayata ta yi ƙara a cikin jaka.

Da hannu ɗaya na kasa buɗe zif ɗin, ita ta buɗe ta ciro. Ta kalli sunan da ke jiki, ta kalle ni, ta danna ta sa a kunnena ta riƙe min.

"Malama, kin yi nisa?"

"A'a Likita, ina shagon Yayata."

"Sakamakon ya shigo bayan fitarki. Za ki iya dawowa kafin in tashi?"

"Ki faɗa min a nan mana."

"Ba na faɗar sakamako a waya, mai kyau ko akasinsa. Ki taho. In da hali ki zo da wani naki."

Ta kashe.

Yaya ta ji komai, kunnenta yana manne da nawa. Ta sauke wayar a hankali ta mayar cikin jakar, ta ja zif.

"In ba kya son ganina zan bi ki a baya," ta ce. "Zan zauna a benci a waje. Amma ke kaɗai ba za ki je ba."

"Ɗauko mayafinki."

Ko rediyon ba ta kashe ba. Ta ja ƙofar shagon ta datse kwaɗo, ta tare mana tasi. A cikin motar ta tura ni ɓangaren inuwa, ita ta zauna inda rana ke shigowa, ta ɗora hannuna mai bandeji a cinyarta ta rufe shi da gefen mayafi. Direban ya so ya ja mu da hira a kan cunkoso, da ya ga babu mai tanka masa ya kama bakinsa.

A asibiti ba mu bi layi ba, nas ta ce ana jiran mu.

Likita ta ɗago ta kalli farar fuskata, ta kalli Yaya.

"Wannan ce yayar?"

"Ni ce," Yaya ta ce kafin in yi magana. "Ba jabu ba ne, Likita. Ni nake haɗa mata. Duk abin da takardar nan ta ce, ki faɗa a gabana."

Likita ta tashi ta rufe ƙofa da kanta. Maimakon ta koma bayan teburinta, sai ta jawo kujerarta ta zagayo da ita, ta ajiye dab da tawa, har gwiwarmu tana taɓa juna.

Ni malama ce. Na san ranar da nake zagayo tebur in zauna kusa da uwar yaro, kuma ba ranar da ɗanta ya zo na ɗaya ba ce.

Yaya ta damƙe hannuna na hagu har sai da na ji zafi.

Likita ta ɗauki na daman a hankali, ta ɗora a tafinta.

"Malama," ta ce, "ina so ki saurare ni har in kai ƙarshe kafin ki yi kuka."